Sanƙira ko Alƙali? Sharhi Kan Mujallun Kiɗa na Kyauta da Sababbin Makaɗa

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye littattafai gefe guda, mu leƙa wani nau'in rubutu da ba kasafai manazarta suke kula shi ba, watau rubutun da ake yi a mujallun kiɗa na kyauta a Amurka da Ingila da Ostareliya. Mujallu ne da akan jibge a bakin ƙofar kantin sayar da faifai, ko gidan shan shayi, ko gidan rawa, ko harabar jami'a, kowa ya zo wucewa ya ɗauki ɗaya ba tare da ya biya ko kwabo ba. Galibinsu a kan takardar jarida mai araha ake buga su, wadda tawadarta ke ɓata hannu, kuma da zarar wata ya ƙare sai a naɗe kaya da su ko a zuba su a kwandon shara. Duk da wannan ƙasƙanci nasu, akwai makaɗan da duniya ta sani a yau waɗanda a irin waɗannan shafuka aka fara rubuta sunansu.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu tambaya ce guda ɗaya, wadda ta shafi duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami don ya yi magana a kan aikin wani. Marubucin da bai karɓi kuɗin mai karatu ba, wa yake yi wa aiki? A wajen makaɗanmu na gargajiya akwai sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya tsaya gaban makaɗi ya kwarzanta shi, ya shelanta kyautar da aka yi masa, ya ƙara mata gishiri. Ba wanda ke jiran sanƙira ya ce yau muryar maigida ta dushe. Alƙali kuwa sauraro yake yi ya yanke hukunci, ko da hukuncin bai yi wa abokinsa daɗi ba. Mujallar kiɗa ta kyauta a tsakanin waɗannan mutane biyu take rayuwa, kuma darajar kowace ɗaya daga cikinsu ta danganta ne ga wanda ta fi karkata gare shi.

YADDA ABIN YAKE TAFIYA

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bayyana irin makaɗan da muke magana a kansu. A ƙasashen da muka ambata, samari uku ko huɗu ko biyar ne sukan haɗu su kafa rukuni, wani ya riƙe jita, wani ganguna, wani ya yi waƙa, su raɗa wa rukunin suna guda wanda ba na kowa ba ne a cikinsu. Ba su da ubangida kamar yadda makaɗin fada yake da shi. Sukan fara ne a garejin mota ko ɗakin ƙasa na gidan iyayen wani, daga nan su nemi ƙaramin kulob da zai ba su dandamali na rabin awa a daren da babu ciniki. Burinsu shi ne wani kamfanin faifai ya ji labarinsu ya ɗauke su. Tsakanin gareji da kamfani kuwa akwai wani dogon daji, domin gidajen rediyo manyan mawaƙa suke sakawa, manyan mujallun da ake sayarwa kuma ba sa ɗora fuskar da ba a sani ba a bangonsu, don kada kwafi ya yi kwantai.

A nan ne mujallar kyauta take samun gurbinta. Tunda ba a sayen ta, ba ta tsoron kwantai, saboda haka tana iya ɗora wanda ta ga dama a bango. Kuɗin takarda da maɗaba'a da motar rabo duk daga talla suke fitowa: tallan gidajen rawa, da kantunan faifai, da masu sayar da kayan kiɗa, da kamfanonin faifai, da masu sayar da tufafi da abin sha. Abin da mujallar take sayar wa waɗannan masu talla shi ne idon matasan da ke ɗaukar ta. Ke nan 'yancin da ta samu daga mai karatu ta mayar da shi bashi a wajen mai talla. Duk alheri da duk sharrin wannan nau'in aikin jarida daga wannan ciniki suka samo tushe.

MISALI NA FARKO: THE ROCKET TA BIRNIN SEATTLE

Idan ana son a ga abin a mafi kyawun halinsa, sai a dubi The Rocket, wadda ta fito a birnin Seattle na jihar Washington, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, daga watan Oktoba na 1979 zuwa watan Oktoba na 2000. Ta fara ne a matsayin ƙarin shafuka cikin wata jarida mai suna Seattle Sun, sannan ta ɓalle ta tsaya da ƙafafunta. Da farko wata-wata take fitowa, daga baya ta koma duk mako biyu. Charles R. Cross ya zama editanta a 1986, kuma shi ya riƙe ta har ƙarshenta.

Seattle ta wancan lokaci gari ne da manyan makaɗa kan tsallake idan suna zagayen ƙasa, saboda nisansa da cibiyoyin harkar kiɗa irin su Los Angeles da New York. Daɗin daɗawa, a 1985 hukumar birnin ta kafa wata doka mai tsanani kan tarukan rawa na matasa, wadda ta sa shirya wasa don 'yan ƙasa da shekarun balaga ya zama abu mai tsada da wuya, kuma ba a soke ta ba sai a 2002. Matasan yankin sai suka koma yi wa junansu kiɗa a 'yan ƙananan wurare. Daga cikin wannan kaɗaici ne rukunoni irin su Soundgarden da Green River da Mudhoney da Alice in Chains da Nirvana suka fito da wani kiɗa mai nauyi da ƙara, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da grunge.

Ayyuka uku The Rocket ta yi wa waɗannan samari, kuma yana da kyau mu jera su daga mafi ƙanƙanta a idon marubuci zuwa mafi girma, domin amfaninsu ga makaɗan a juye yake.

Na farko shi ne jadawalin wasanni, watau jerin wane rukuni zai yi wasa a wane gida, wace rana, nawa ne kuɗin shiga. Babu wata fasaha a cikin wannan rubutu, kuma babu marubucin da zai yi tutiya da shi. To amma ga rukunin da mutum ashirin kacal suka sani, ganin sunansa a bugu, a layi ɗaya da na wasu, shi ne shaidar farko cewa yana nan a duniya. Mai karatu ma galibi saboda wannan jadawali yake ɗaukar mujallar, sauran rubutun kuwa sai ya zauna a bas yake karantawa.

Na biyu shi ne ƙananan sanarwoyi na shafukan baya, inda mai jita ke cigiyar mai ganga, mai ganga ke neman mai waƙa, wani kuma ke sayar da tsohuwar lasifika. Kurt Cobain, wanda ya fito daga Aberdeen, wani ƙaramin garin masu yankan katako, a waɗannan shafuka na The Rocket ya saka cigiyar mai ganga lokacin da Nirvana take ƙoƙarin tsayuwa a ƙarshen shekarun 1980. Hatta tambarin sunan rukunin, wanda ake gani a jikin riguna a ko'ina cikin duniya, wani mai shirya haruffa na mujallar, Grant Alden, shi ya tsara harufansa. Wannan yana nuna mana cewa ofishin mujallar ya zama tamkar majalisar unguwa, inda mai zane da mai hoto da makaɗi da marubuci suke cin karo da juna.

Na uku shi ne sharhi, kuma shi ne abin da ya fi shafar mu. Daga 1983 wani matashi mai suna Bruce Pavitt ya riƙa rubuta wani fili a mujallar mai suna Sub Pop U.S.A., inda yake bibiyar faya-fayan ƙananan kamfanoni daga garuruwan da ba wanda ya damu da su. Ra'ayinsa shi ne kowane gari yana da muryarsa, kuma ba dole ne a jira manyan birane su ba da izini ba. Wannan suna shi ne kuma sunan kamfanin faifai na Sub Pop, wanda Pavitt da Jonathan Poneman suka tsaya a kansa sosai daga 1988. Kamfanin ne ya fitar da ƙaramin faifan Nirvana na farko a ƙarshen 1988, sannan babban faifansu na farko, Bleach, a 1989, wanda kuɗin ɗaukarsa dala 606 ne da 'yan kwabbai. A ƙarshen wannan shekara The Rocket ta ɗora Nirvana a bangonta. Shekara biyu bayan haka, a watan Satumba na 1991, faifan Nevermind ya fito daga wani babban kamfani, kuma a watan Janairu na 1992 ya ture faifan Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka.

KADA A CIKA GISHIRI

Yabon gwani ya zama dole, amma a nan ne muke ganin masu ba da tarihin irin waɗannan mujallu suna zarce gona da iri. Akan ce mujalla kaza ita ta gano rukuni kaza, kamar dai da ba ta yi rubutu ba da ba a yi kiɗan ba. Mu a ganinmu wannan magana tana da rauni ta fuska biyu.

Da farko, labarin Seattle kansa ya nuna cewa mujallar gida ita kaɗai ba ta isa ta fitar da rukuni zuwa duniya ba. Masu kamfanin Sub Pop sun fahimci haka, shi ya sa a 1989 suka biya wa wani ɗan jarida na mujallar Melody Maker ta Landan, Everett True, kuɗin jirgi ya zo ya ga abin da ke faruwa ya koma ya rubuta. Sai da Ingila ta fara zumuɗi sannan manyan kafofin Amurka suka waiwayo. Abin da The Rocket ta yi shi ne ta sa garin ya san kansa, ta yadda lokacin da baƙo ya zo ya tarar da abin gani a shirye, da sunaye da hotuna da tarihi.

Na biyu, muna tuna Nirvana ne saboda ta yi nasara. A cikin shekara 21 da mujallar ta yi tana fitowa, ta rubuta labarin ɗaruruwan rukunoni da suka watse ba tare da kowa ya ji su a wajen jihar ba. Idan za a auna ta da yawan waɗanda suka zama taurari, to ta faɗi jarrabawa, kamar yadda kowace mujalla za ta faɗi. Ma'aunin da ya dace shi ne ko ta yi wa waɗancan ɗaruruwan adalci, ko ta saurare su da kunnen basira, ko ta faɗa musu gaskiya a lokacin da gaskiyar za ta yi musu amfani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rukunin da aka gaya wa cewa waƙoƙinsa sun yi tsawo, ko mai gangarsa yana gaggawa, tun yana wasa gaban mutum talatin, ya fi wanda aka yi ta tafa wa har ya je gaban dubu ya ji kunya.

INDA GIZO KE SAƘAR

Yanzu sai mu ƙetara teku zuwa Ingila, inda za mu ga ɗaya fuskar al'amarin. A 1999 aka fara buga The Fly a Landan. Asalinta 'yar takardar jadawali ce ta wani gidan kiɗa mai suna Barfly a unguwar Camden, daga baya ta zama ƙaramar mujalla ta wata-wata mai shiga aljihu, wadda a ganiyarta ake raba fiye da kwafi dubu 100 a faɗin Birtaniya. Ta yi suna wajen ba sababbin rukunoni fili, kuma matasa da yawa a cikinta suka fara karanta sunayen da daga baya suka cika gidajen rediyo.

Sai dai kamfanin da ya mallake ta shi ne kuma mai gidajen kiɗan, yana kuma da reshen kula da harkokin mawaƙa. Ba muna cewa marubutanta sun yi ƙarya ba ne, domin da yawansu matasa ne masu son kiɗa tsakani da gaskiya. Abin da muke cewa shi ne, idan mai dandamali da mai kula da mawaƙi da mai mujalla duk gida ɗaya ne, mai karatu ba shi da hanyar da zai bambance yabon da aka yi don cancanta da wanda aka yi don a cika zaure ranar Juma'a da dare. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma ko da ba a umarci marubuci ya yi yabo ba, shi da kansa ya san inda albashinsa yake fitowa.

A Ostareliya ma, inda irin waɗannan mujallu suka yi ƙarfi ƙwarai, kusan kowane babban birni da tasa: Beat da ta fara a Melbourne a 1986, da Inpress a wannan birni a 1988, da Drum Media a Sydney a 1990, da Time Off a Brisbane. A lokacin mako-mako suke fitowa, cike da tallan gidajen rawa. Ƙorafin da aka sha yi a kan wannan tsari shi ne cewa wanda ya sayi shafin talla shi ya fi saurin samun hira. Idan abin ya kai haka, rukunin da ya fi bukatar mujallar kyauta, watau wanda ba shi da ko sisi, shi ne zai rasa ta. An buɗe ƙofa don talaka, mai hali ya riga shi shiga.

Hatta The Rocket da muka yaba ba ta kuɓuta daga wani nau'in wannan matsala ba, illa dai nata bashin na zumunci ne. A ƙaramin gari, marubucin da ya kushe faifan wani rukuni ranar Laraba zai haɗu da mai jitar ranar Asabar a wurin wasa, wataƙila ma gida ɗaya suke haya. In baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma ba kuɗi kaɗai ake ci ba, har da gaisuwa da tikitin kyauta da zaman hira. Wannan jarrabawa ta fi ta kuɗi wuya, domin babu wanda zai kira ta cin hanci.

INGANCIN RUBUTUN

To, idan muka ajiye batun kuɗi muka dubi rubutun kansa a matsayinmu na masu sha'awar adabi, me za mu tarar? Za mu tarar da cututtuka uku da suka zama ruwan dare a wannan fage.

Ta farko ita ce kwatance maimakon bayani. Marubuci zai ce wannan rukuni kamar wancan ne an gauraya shi da wani, ya jera sunaye uku ko huɗu, ya ɗauka ya gama aiki. Mai karatun da bai san sunayen ba bai ƙaru da komai ba, sabon rukunin kuma an tura shi inuwar wasu tun bai miƙe ba. Mai sharhi na ƙwarai yakan faɗi abin da kunnensa ya ji: yadda waƙar ta fara a hankali sannan ta fashe, inda muryar ta karye, abin da baitocin suke magana a kai.

Ta biyu ita ce zuzutawa. Kowane wata sai an sami rukunin da aka ce shi ne zai ceci kiɗa. Idan mujalla ta faɗi haka sau goma sha biyu a shekara, kalmar ta mutu a bakinta, ranar da gwanin gaske ya zo kuma ba ta da sauran abin da za ta kira shi da shi. Wannan ita ce cutar sanƙira, kuma ta fi cutar da wanda aka yaba, domin yaro ɗan shekara 19 da aka ce masa ya gama ƙwarewa ba zai koma gareji ya ƙara gwaji ba.

Ta uku ita ce marubuci ya mayar da kansa tauraron labarin, ya cika shafi da yadda ya makara, da ruwan saman da ya dake shi, da abin da ya sha, sai a layi biyu na ƙarshe ya tuna akwai makaɗa a dandamali. Akwai kuma ɗan'uwan wannan, watau mai kushe don a ce shi jarumi ne. Wanda ya daddatse samarin da suka tara kuɗin aljihunsu suka ɗauki kaset na farko bai nuna jarumtar komai ba, jarumta tana wajen faɗa wa babban mai talla gaskiya.

Amma duk da waɗannan, ba za mu yi wa mujallun adalci ba idan ba mu faɗi babban alherinsu ga alƙalami ba. Kamar yadda suka ba sabon makaɗi dandamali, haka suka ba sabon marubuci shafi. Ann Powers, wadda ta zama ɗaya daga cikin fitattun masu sharhin kiɗa a Amurka, tun tana 'yar makaranta ta fara rubutu a The Rocket. Robert Ferrigno, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya zama marubucin ƙagaggun labarai. Robert McChesney, wani daga cikinsu, ya zama shehin malami a fannin nazarin kafofin watsa labarai. Zanen Lynda Barry da na Matt Groening, wanda daga baya ya ƙirƙiro The Simpsons, sun fito a shafukanta. Shi kuwa Charles Cross, zaman da ya yi a wannan kujera ne ya ba shi damar rubuta tarihin rayuwar Kurt Cobain, Heavier Than Heaven, wanda ya fito a 2001, shekara bakwai bayan mutuwar mawaƙin. Waɗannan mutane sun koyi aiki ne ta hanyar rubuta kalma ɗari biyu a kan rukunin da ba wanda ya sani, a miƙa kafin gari ya waye, edita ya soke rabi. Babu makarantar da ta fi wannan koya wa marubuci taƙaita magana.

DARASIN NME

Akwai wani misali da ya zo daga ɗaya ɓangaren, wanda ya nuna cewa kyauta ita kaɗai ba ta mayar da mujalla abokiyar sababbin makaɗa. New Musical Express, wadda aka fi sani da NME, an kafa ta a Landan a 1952, kuma a shekarun 1970 takan sayar da kusan kwafi dubu 300 a mako. Kafin 2015 cinikinta ya faɗo zuwa wajen dubu 15. A watan Satumba na wannan shekara masu ita suka mayar da ita ta kyauta, ana raba kwafi dubu 300 a tashoshin jirgin ƙasa da jami'o'i da kantuna. Fuskar da aka ɗora a bangon fitowar farko ta kyauta ita ce ta Rihanna, mawaƙiyar da ba ta bukatar a gabatar da ita ga kowa. Dalili a fili yake: wanda zai raba kwafi dubu 300 ga masu wucewa dole ya nemi fuskar da kowa ya sani, don ya gamsar da manyan masu talla. A watan Maris na 2018 aka dakatar da wannan bugu na mako-mako.

Idan aka kwatanta wannan da ƙananan mujallun kyauta na ƙasar, irin su The Stool Pigeon da ta fito daga 2005 zuwa 2013, ko Loud and Quiet da aka fara a 2005, sai a ga bambancin. Waɗannan ba su nemi kowa da kowa ba. Sun san masu karatunsu, sun san kantunan da za su ajiye kwafi, editocinsu kuma suna da ɗanɗano nasu wanda ba sa jin kunyar karewa. Abin da ke taimakon sabon rukuni shi ne kusanci da kuma edita mai kunne, araha kuwa hanya ce kawai ta isa hannun mai karatu.

YADDA SUKA ƘARE

Yawancin mujallun da muka ambata sun kwanta dama, kuma ba rashin masu karatu ne ya kashe su ba. An sayar da The Rocket ga wani kamfani na California a 1995, ta sake sauya hannu a 2000, ta rufe a shekarar. The Fly ta dogara ne ƙwarai ga kantunan HMV wajen rabo, da kamfanin ya durƙushe a farkon 2013 sai ta rasa inda za ta ajiye kwafi, ta rufe a 2014. A Ostareliya an haɗe Drum Media da Inpress da Time Off a 2013 suka zama mujalla ɗaya mai suna The Music. Loud and Quiet kuwa, da annobar korona ta rufe gidajen kiɗa a 2020 talla ta ƙafe, sai ta koma neman masu karatu su riƙa biya.

Intanet ce ta kwashe ayyuka biyu na farko da muka lissafa. Jadawalin wasanni ya koma wayar hannu, cigiyar mai ganga ta koma shafukan sada zumunta, kuma rukuni na iya ɗora waƙarsa duniya ta ji ba tare da ya roƙi kowa ba. Tun a 2005 aka ga alamar haka, lokacin da Arctic Monkeys na birnin Sheffield suka yi suna ta hanyar waƙoƙin gwajin da masoyansu suka riƙa yaɗawa a intanet. Kantunan faifai da suke ba da talla kuma suke ba da wurin ajiya su ma suka yi ta rufewa. Aiki na uku ne kaɗai, watau sharhi, ba a sami wanda ya gaje shi sosai ba. Na'ura tana iya lissafa sau nawa aka saurari waƙa, ta kuma kawo maka mai kama da ita, amma ba ta zuwa ƙaramin kulob ranar Talata ta tsaya cikin mutum goma sha biyar, ta dawo ta rubuta cewa waɗannan yara ba su iya ba tukuna, sai dai waƙarsu ta uku tana da wani abu, a sa musu ido.

KAMMALAWA

Hukuncinmu a kan waɗannan mujallu shi ne sun cancanci a tuna da su da alheri, amma bisa dalilin da ya dace. Ba su ƙera taurari ba. Sun ajiye tarihin garuruwansu mako bayan mako, sun haɗa mutanen da da ba za su haɗu ba, kuma mafi kyawunsu sun ɗauki aikin mafari da muhimmancin da har za a iya kushe shi. Waɗanda suka zama sanƙirori zalla, ba wanda ke neman tsofaffin kwafinsu a yau, domin wanda ya karanta talla ɗaya ya karanta duka.

Ga matasan marubuta da ke karanta wannan fili, wata rana za a miƙo muku aikin farko na wani, kaset ne ko littafi, a ce ku faɗi ra'ayinku a rubuce, kuma mai yiwuwa mai aikin abokinku ne ko ƙanin abokinku. Ku saurara ko ku karanta har ƙarshe, sau biyu in da hali. Ku faɗi abin da yake cikin aikin kafin ku faɗi wanda ya yi kama da shi. Ku nuna wuri guda da ya yi kyau ku faɗi dalili, ku nuna wuri guda da ya yi rauni ku faɗi dalili, da harshen da za ku iya maimaitawa a gaban mai aikin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.